'Ya'yan darbejiya maganin ƙwari ne, amma a kula

Masu lambu, kafin ku sayi maganin feshi ku gwada 'ya'yan darbejiya.

Ku tsinto nunannu, ku wanke naman jikinsu, ku shanya a inuwa. Ku daka rabin kilo, ku jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Washegari a tace da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba tsaki zai toshe bakin famfo. A narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye.

Ku fesa da yamma, har ƙarƙashin ganye. Rana tana kashe ƙarfinsa, kuma lokacin ƙudan zuma sun koma gida.

Ba ya kashewa nan take. Yana hana tsutsa da darɓa (ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye) cin abinci ne, ya hana su saɓa, wato sake fata, sai su mutu bayan 'yan kwanaki. Saboda haka a maimaita duk mako.

Ba ya aiki in ƙwari sun riga sun cinye gona, ko aka yi ruwa bayan feshi, ko jiƙon ya daɗe a ajiye. 'Ya'yan da suka yi funfuna kuwa ku zubar.

Don Allah kada ku wanke famfo a tafki, yana cutar da kifi. Man darbejiya kuma ku ɓoye shi, yaro ya sha yana iya jawo amai da farfaɗiya. In ya faru, a garzaya asibiti.