Yadda Za a Rage Jan Ƙafar Ma'aikatu a Lokacin Annoba

Annoba ba ta jiran fayil ya gama zagaya teburori. Idan adadin masu kamuwa yana ninkawa duk bayan kwana biyar, takardar da ta yi kwana goma tana jiran sa hannu za ta fito ta tarar da marasa lafiya sun ninka har sau huɗu. Saboda haka mai riƙe da ragamar ma'aikatar lafiya ya fara aikin gyara tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko ya ɗauki buƙata guda, kamar ta sayen kayan gwaji, ya bi sawunta daga ɗakin gwaji zuwa baitulmali, yana ƙirga hannayen da take ratsawa da kwanakin da take yi a kowane ofis. Duk sa hannun da ba ya kare rai ko dukiyar jama'a a cire shi, sauran kuma a rubuta wanda zai wakilci mai shi idan ba ya nan.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne dokar izinin gaggawa, wato dokar da ke ba da damar fara amfani da kayan gwaji ko magani a lokacin annoba ba tare da jiran doguwar tantancewar da aka saba ba. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana kuɗarta a annobar cutar numfashi ta MERS a 2015, ta gyara dokokinta, shi ya sa ta amince da kayan gwajin korona na wani kamfani tun ranar 4 ga Fabrairun 2020. A Amurka kuwa an dogara da kayan gwajin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, waɗanda aka samu tangarɗa a cikinsu, kuma sai ranar 29 ga watan aka sassauta wa sauran ɗakunan gwaji su yi amfani da nasu. A waɗancan makonnin cutar ta yi ta yaɗuwa ba a ganinta. Don haka a tanadi dokar, a fayyace wanda zai ayyana ta da ranar da za ta daina aiki.

Sai a ware asusun gaggawa wanda jami'in da ke bakin aiki zai iya taɓawa nan take. Wannan ba kafa ce ta almundahana ba, matuƙar ana rubuta kowace kwangila ana bayyana ta ga jama'a, masu binciken kuɗi kuma su biyo baya.

Batun rahoto ma haka yake. Dokokin Lafiya na Duniya na 2005 sun ba ƙasa awa 24 ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya bayan ta tantance barazana, kuma hakan ba zai yiwu ba sai an ba ma'aikacin ƙaramin asibiti damar kai labari kai tsaye ga cibiyar sa ido, tare da tabbacin cewa ba za a hukunta shi ba idan zargin bai tabbata ba.