Kurakuran da ke jawo wa ɗalibi asarar tallafin karatu a jami'o'in Amurka, da yadda ake gyara su

Ɗalibi zai iya cin A da B a duk jarrabawar da ya zauna, amma ya wayi gari da saƙo daga ofishin tallafin karatu cewa an dakatar da kuɗinsa. Hakan na faruwa a jami'o'i da kwalejojin Amurka kowace shekara, kuma yana shafar 'ya'yan Hausawa mazauna can waɗanda suka zama 'yan ƙasa ko suke da katin zama na dindindin, domin suna cikin masu damar cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu, su samu tallafin gwamnatin tarayya.

Ƙa'idar da ke janyo haka ana kiranta SAP a taƙaice, wato sharaɗin cewa karatun ɗalibi yana tafiya gaba yadda ya kamata. Tushenta dokar ilimi mai zurfi ta 1965, kuma tsarin da ake bi yanzu ya fara aiki ne ranar 1 ga Yuli, 2011. Ta shafi kyautar Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke bayarwa ba bashi ba, wadda mafi yawanta ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, da bashin karatu na gwamnati, da bashin da iyaye ke ci don 'ya'yansu, da aikin da ake ba ɗalibi a cikin makaranta. Ma'auni uku ake dubawa: matsakaicin maki, wato GPA (inda A ke da maki 4, B ke da 3), yawan yunit (nauyin da ake ba kowane kwas) ɗin da aka ci idan an kwatanta da wanda aka ɗauka, da kuma iyakar yunit ɗin da aka yarda a ɗauka kafin a gama. Faɗuwa a ɗaya kaɗai ya isa.

Sa ido a kan GPA kaɗai

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai masu ƙoƙari. Kowa ya san ana son GPA na 2.0 a digirin farko, kuma galibin makarantu na neman 3.0 a digiri na biyu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ma'auni na biyu. Makaranta na raba jimillar yunit ɗin da ka ci da jimillar wanda ka yi rajista, tun daga ranar da ka shiga, kuma mafi yawansu suna son sakamakon ya kai kashi 67 cikin 100.

Ga yadda lissafin yake. Ka yi rajistar yunit 15 a zangon farko, wato kwas biyar masu yunit uku-uku. A tsakiyar zango biyu suka yi maka nauyi, ka janye daga cikinsu, aka rubuta maka W. Sauran ukun ka ci su da A. GPA ɗinka 4.0 ne, amma ka ci yunit 9 cikin 15, kashi 60 ke nan, ka riga ka faɗi ƙasa da layi. W ba ya taɓa GPA, shi ya sa ɗalibai ke ɗaukarsa kamar ba komai ba ne, alhali a lissafin tallafi an ƙidaya shi cikin abin da ka ɗauka ba ka ci ba. Haka F yake, haka kuma I, wato kwas ɗin da malami ya ɗaga maka ƙafa ka kammala daga baya, har sai an maye gurbinsa da maki.

Gyaran yana cikin kalandar makaranta. A farkon kowane zango akwai ɗan lokaci, galibi mako ɗaya ko biyu, da za ka iya sauke kwas ba tare da ya fito a takardar sakamakonka ba. A yawancin makarantu abin da aka sauke a wannan lokacin ba ya shiga lissafi. Duk kwas ɗin da ka ga alamar ba za ka iya ba, a nan ya kamata ka rabu da shi. In lokacin ya wuce, to ka zauna da biro ka yi rabon kafin ka sa hannu a takardar janyewa. Kada kuma a fahimce mu da cewa janyewa kullum kuskure ne. Idan faɗuwa ta tabbata, W ya fi F sauƙi, domin F na cin ka ta fuska biyu, yana rage kason kuma yana jan GPA ƙasa.

Ɗaliban shekarar farko su ne abin ya fi yi wa illa, saboda jimillar tasu ƙarama ce. Wanda ya tara yunit 90 ba zai ji W ɗaya ba. Ga mai yunit 12, kwas biyu sun isa su mayar da shi kashi 50. A ganinmu sabon ɗalibi mai aikin dare ko mai ɗawainiyar gida gara ya ɗauki yunit 12 ya cinye su duka da ya ɗauki 18 don ya burge iyaye.

Zaton zango ɗaya mai kyau zai share komai

Lissafin na jimilla ne, don haka ramin da aka faɗa ba ya cikewa da sauri. Wanda ya ɗauki yunit 30 ya ci 15 yana kan kashi 50. In ya ɗauki wasu 15 ya cinye, ya zama 30 cikin 45, wato 66.67. Wasu makarantu na ɗaga wannan zuwa 67, wasu ba sa yi, sai ka tambaya. Wanda kuma yake da GPA 1.5 bayan yunit 30, ko da ya ci B a yunit 12 gaba ɗaya, 1.93 zai tsaya. Sai ya ci B a yunit 15 kafin ya taɓa 2.0. Duk wanda yake ƙasa da layi ya kamata ya san ainihin adadin yunit da makin da yake buƙata kafin ya yi rajistar zango na gaba, kuma mai ba ɗalibai shawara a sashensu zai iya fitar masa da wannan lissafin.

Mantawa da iyakar ninki ɗaya da rabi

Digirin da aka tsara a yunit 120, tallafi na tsayawa idan ka ɗauki 180. Na kwalejin shekara biyu mai yunit 60, iyakarsa 90. Ba ma sai ka kai iyakar ba. Da zarar lissafi ya nuna ba za ka iya gamawa a cikinta ba, makaranta za ta tsayar da kuɗin. Masu canza fanni sau biyu ko uku su ke faɗawa nan, da waɗanda suka taho daga wata makaranta, domin yunit ɗin da sabuwar makaranta ta karɓa ana ƙidaya shi cikin abin da ka ɗauka da abin da ka ci. Kowane maimaici ma ana ƙidaya shi. Kwas ɗin da ka riga ka ci, ko da D ne, sau ɗaya kawai tallafin gwamnati zai biya maka maimaicinsa. Wasu makarantu na cire yunit ɗin tsohon fanni daga lissafi, amma wannan zaɓinsu ne, don haka a nemi amsar a rubuce kafin a canza. Kyautar Pell kuma tana da tata iyakar daban, daidai da zango 12 na cikakken karatu a tsawon rayuwa.

Barin makaranta shiru

An yi rasuwa a Kano ko Damagaram, ɗalibi ya hau jirgi, bai gaya wa kowa a makaranta ba, ya dawo bayan wata biyu. Wannan ya fi duk sauran kurakuran tsada, domin bayan SAP akwai wata ƙa'ida ta mayar da kuɗi. Gwamnati na ɗaukar cewa kana cancantar tallafin ne kwana bayan kwana, kuma sai ka wuce kashi 60 cikin 100 na zango ya zama naka gaba ɗaya. A zango mai mako 15, wajen ƙarshen mako na tara ke nan. Wanda ya bari a mako na uku ya cancanci kusan kashi 20 ne kawai. Makaranta za ta mayar wa gwamnati kasonta na abin da bai cancanta ba, sannan ta juyo ta bi shi bashi, kuma galibi ba za ta bar shi ya yi sabuwar rajista ba sai ya biya. Wanda ya ɓace bai sanar ba kuma yakan tarar da F a jere. Saƙon imel ɗaya zuwa ofishin rajista da ofishin tallafi kafin tafiya zai iya mayar da waɗannan F ɗin su zama W ko I.

Rashin gane bambancin gargaɗi da dakatarwa

Makarantar da ke duba SAP kowane zango za ta iya ba ka matsayin gargaɗi: zango ɗaya kana karɓar kuɗi ba tare da ka rubuta komai ba. Wadda ke dubawa sau ɗaya a shekara ba ta da wannan matakin, kai tsaye take dakatarwa. Saƙon na zuwa ne ta imel ɗin makaranta, wanda ɗalibai da yawa ba sa buɗewa lokacin hutu. A kuma sani cewa sashenku zai iya cewa matsayinka na karatu lafiya lau, alhali ofishin tallafi ya dakatar da kai, domin ma'auninsu ba ɗaya ba ne.

Akwai zato biyu da ba su da tushe. Na farko, cewa in ka huta zango ɗaya tallafin zai dawo da kansa. Ba zai dawo ba, alƙaluman na nan inda ka bar su. Na biyu, cewa zangon da ka biya da aljihunka ba ya cikin lissafi. Yana ciki. Hatta makarantun da ke yafe tsofaffin maki ga wanda ya dawo bayan shekaru, yafiyar ba ta shafi lissafin tallafin tarayya ba.

Takardar ɗaukaka ƙara mai roƙo kawai

Yawancin makarantu na karɓar ɗaukaka ƙara, ko da yake doka ba ta tilasta musu ba. Dalilan da ake karɓa su ne rasuwar ɗan uwa, rashin lafiya ko rauni, ko wani yanayi na musamman. Dole takardar ta amsa tambaya biyu: me ya faru, kuma me ya canza yanzu da zai sa a yi nasara. Ɗalibai kan cika shafi biyu da ta farko su bar ta biyu, alhali ita kwamiti ya fi dubawa. "Ina buƙatar kuɗin" ba hujja ba ce a wurinsu. A rubuta ranaku, a nuna yadda suka dace da zangon da aka faɗi, a haɗa da shaida: takardar likita, takardar shaidar rasuwa, tikitin jirgi, wasiƙar wurin aiki da ke nuna an rage awoyi. Takardar da ta fito daga Nijar ko Kamaru da Faransanci, a haɗa ta da fassarar Turanci. Mun san akwai kunya da kawaici wajen faɗin matsalar gida ko ciwon damuwa, amma kwamiti ba zai yi aiki da abin da ba a rubuta masa ba.

In an amince, za a sa ka a matsayin gwaji na zango ɗaya, ko a ba ka tsarin karatu da za ka bi, wanda sau da yawa yake hana W ko F ko ɗaya. In an ƙi, hanyar da ta rage ita ce ka ci gaba da kuɗinka har alƙaluman su koma daidai, sannan ka nemi a sake dubawa. A nan a kula da bashin da aka riga aka ci: da zarar ka sauka ƙasa da rabin cikakken karatu, galibi yunit 6, wa'adin wata shida na fara biyan bashi zai fara ƙirguwa.

Ɗaliban ƙasashen waje da suka je da bizar karatu ta F-1 ba sa samun tallafin tarayya, amma guraben karatun da jami'a ke ba su na da nasu sharuɗɗan, sau da yawa GPA 3.0, kuma bizar kanta na buƙatar yunit 12 a zango ga mai digirin farko. Kafin irin wannan ɗalibi ya janye daga kwas ko ɗaya, ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai fara zuwa.