Ku sayi albasar ajiya tun kafin ruwa ya sauka

Salamu alaikum 'yan uwa mata na Yamai. Yanzu da bazara albasar Galmi ta cika Katako, kuma da damina ta kankama sai ta yi tsada. Mai hali ta sayi ta ajiya.

Amma don Allah kar ku ɗauki buhu a ɗinke. Ku sa a zazzage, ku matsa wuyanta da yatsa. In ya bushe ƙamas, ɓawon yana ƙara, to ta ajiya ce. Mai taushin wuya ko danshi ku bar ta. Bara na yi gaggawa, rabin buhu ya ruɓe mini, har yau abin yana raina.

A gida a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, banda leda. Tumatir kuwa lokacinsa yana wucewa, ku yanka ku shanya kauɗa.