In Za Ka Zo Kano Koyon Gyaran Waya, Ga Yadda Ake Baro Gida

Duk bayan kaka, da an gama kai dawa rumbu, sai yaran garinmu su fara kirana: "Yaya, ina so in zo in koyi gyara." Ban taɓa hana kowa ba. Ni ma daga wani ƙauyen Jigawa na fito, kuma teburin nan nawa na Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, shi ya yi mini aure. Amma fitowa tana da tsari.

Ka fara da Baba da Inna, tun da sauran lokaci. In Baba ya ce wa zai kama masa noma, ka riga ka tanadi amsa: ko ka riƙa dawowa da damina, ko ka ɗauki nauyin kuɗin taki da zarar hannunka ya fara kamawa. In ya ƙi, ka sa Kawu ko liman su yi masa magana. Kar ka sulale da asuba. Ban da maganar albarka, babu ubangidan kirki da zai ajiye yaron da ba wanda ya tsaya masa, a wurin da ake barin wayoyin dubban ɗaruruwan naira a kan tebur.

"Zan tafi Kano" ba shiri ba ne. Wurin wa? Ka san mutumin, ka ji daga bakinsa cewa ya karɓe ka, sannan a zauna da wani babba naka a yanke magana: nawa ne kuɗin koyo, wata nawa za ka yi, wa zai ba ka na abincin rana, yaushe za a yaye ka. A rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, wai kamar rashin yarda ne. Ni kuwa na ga yaran da suka shekara uku suna shara da aike saboda an bar magana a kan "ai ɗan gida ne".

Sai makwanci. Kar ka sa rai da kwanan shago. Ka nemi ɗan'uwa ko 'yan garinku masu ɗaki a Tarauni, Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwa Uku, inda za ka iya takowa da ƙafa. Tun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, kuma kuɗin Adaidaita Sahu safe da yamma zai cinye ɗan abin da kake samu. Ka riƙa ba da naka kason na haya da ruwa ba sai an tambaye ka ba.

Ka zo da lambar NIN da asusun banki da sunanka, don yawancin masu kawo gyara taransfa suke yi. Kuɗin motar komawa gida ka ware shi daban, kar ka taɓa.

Watannin farko ba za a ba ka wayar mutane ba. Za a aike ka sayo sikirin da batir, ka manna gilashin kariya, ka share tebur. A nan ake gane mai koyo. Ka tsaya a kafaɗar Oga ka ga yadda yake cire igiyar batir kafin ya taɓa komai, yadda yake jera ƙananan kusoshi bi da bi don kar doguwa ta shiga ramin gajera ta huda allon waya. Ka sayi matattun wayoyi da kuɗinka ka yi ta kwancewa kana ɗaurewa da daddare. Ka ajiye littafi: irin waya, abin da ya same ta, abin da aka yi mata. In ka ɓata aiki, ka faɗa wa Oga kafin mai waya ya dawo.

Abu biyu suna kai yaro ofishin 'yan sanda ko su kore shi daga kasuwa. Na farko, wani ya kawo waya a kulle, ba kwali ba rasit, ya ce a buɗe masa da sauri zai biya ninki. Ka ce a jira Oga. Kowace waya tana da lambar IMEI, wato lambar shaidarta da ake bin sawunta da ita, kuma in ta sata ce aka biyo sawu ana iya zuwa har teburin da aka buɗe ta. Na biyu, leƙa hotuna da saƙonnin mutane. Wayar matar wani ce, amana aka bar maka.

Da ka fara samun ɗan canji, ka shiga adashi da mutanen da Oga ya sani, ka riƙa sayen kayan aiki ɗaya bayan ɗaya: sukudireba, mitar gwada wuta, sannan abin liƙa dalma. Gida kuma za su fara kira, don a ganinsu wanda ke birni ya samu. Ka faɗa wa Inna gaskiyar abin da kake samu, ka yanke abin da za ka iya turawa duk wata, ko kaɗan ne, kuma ranar da ka ce za ka tura ka tura.