Shawara ga 'yan'uwa mazauna Amurka masu son sayen ƙaramar bindiga

Salamu alaikum jama'a. Duk mai son bindiga ɗaya ta tsaron gida da zuwa filin koyon harbi, ya tsaya kan mai cin harsashin 9mm (mai kaurin milimita tara). Harsashinta ya fi araha, kuma ba ta girgiza hannu sosai. Ƙaramar bindiga samfurin Glock 19 ta isa, gidan harsashinta na ɗaukar 15, sai dai jihohi irin su Kalifoniya da New York sun taƙaita shi zuwa 10.

Kada ƙanƙanta ta ruɗe ku. 'Yar mitsitsiyar nan ta aljihu ta fi dukan tafin hannu, saiti da ita wahala ne. Ku je filin harbi ku yi hayar biyu ko uku tukuna. Idan yatsa ba ya kai wa kunama sai an karkata hannu, wannan ba taku ba ce, komai sunanta.

Dillali mai lasisi zai nemi mai saye ya kai shekara 21, a cika fom 4473 na sayen bindiga, FBI ta binciki tarihin mutum. Mai girin kad na iya saya, amma mai bizar karatu ko ziyara doka ta hana shi, sai a 'yan yanayi kaɗan.

Masu yara kuwa, ku fara sayen akwatin ƙarfe mai makulli kafin bindigar ta shigo gida.