Darasi na Bakwai: Kare Tagar Hita Daga Ƙura da Ruwan Sama

A ƙasar Ostareliya mutane da dama suna yawon buɗe ido da ɗakin tafi-da-gidanka, wato ɗaki mai ƙafafun taya da mota ke ja. A ciki akwai gado, da wurin girki, da makewayi, da hitar da ke dafa ruwan wanka da gas. Wasu hanyoyin da suke bi ba kwalta. Hanyar Gibb River da ke yankin Kimberley ta kai kimanin kilomita 660, kuma jar ƙasa ta fi yawa a cikinta. Ƙurarta kamar garin tuwo take don laushi, ba ramin da ba ta shiga. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuma damina ce a arewacin ƙasar, ruwa ake yi mai ƙarfi haɗe da iska.

A jikin ɗakin, ta waje, hitar tana da 'yar taga mai tsage-tsage. Aikinta biyu ne. Ta nan iska ke shiga wuta ta ci, ta nan kuma hayaƙi ke fita. Matsalar ita ce ƙura da ruwa ma ta nan suke bi.

Idan ƙura ta taru a bakin murhun hitar, sai ta toshe ɗan ramin da gas ke fitowa. Ka kunna, ka ji ƙyas-ƙyas, wuta ta ƙi kamawa. Ruwa kuwa yana jiƙa wayoyi, ya sa ƙarfe tsatsa. In suka haɗu su biyu, sai su zama laka, ta bushe ta daskare. Zanzaro ma yana son wurin, yakan gina ɗakinsa a cikin bututun idan an daɗe ba a yi tafiya ba.

Maganin shi ne murfi. Wasu hitocin, irin na kamfanin Truma na Jamus, ana sayar da su da murfin roba da ake maƙalawa a kan tagar. Wanda tasa ba ta zo da shi ba, ya nemi wanda aka yi don irin hitarsa. Kafin ka tashi, kashe hita, rufe tukunyar gas, jira tagar ta huce, sannan ka sa murfin. Ja shi da hannu ka ga ko ya kama, don girgizar hanya tana yar da murfin da bai zauna ba.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe da kyau. Kada ka kunna hita da gas alhali murfi na kai. Wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana haifar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, tana kuma kashe mai barci bai farka ba. Irin gubar nan ce ke hallaka iyalai a garuruwanmu idan an kwana da janareta ko garwashi a ɗaki rufe. Mantuwa tana samun kowa, musamman bayan doguwar tafiya, ga gajiya, ga yara na kukan wanka. Saboda haka ɗaura jan ƙyalle a kan makunnin hitar duk lokacin da ka rufe tagar. Ba za ka kwance ƙyallen ba sai ka fita ka cire murfin. A ganina, toshe tagar da tsumma ko leda da salatif ganganci ne, don suna iya kama wuta, kuma an fi saurin mantawa da su. Sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji gubar, ka kafa ta a ciki.

In kun isa masauki, share tagar da busasshen burushi mai laushi. Bayan ka kunna, duba wutar idan hitarka tana da wurin leƙawa. Shuɗiya ake so. In ta yi rawaya, ko ka ga baƙin hayaƙi ya ɓata bango a saman tagar, kashe nan take ka kira ƙwararre. A Ostareliya, doka ta ce mai lasisi kaɗai ke gyaran kayan gas.

Sau da yawa ruwan da ke shiga ɗakin ta gefen tagar yake bi, inda danƙon da aka liƙe ta da shi ya tsage saboda rana. Bi gefen da yatsa kafin damina, inda ya ɓare a sake liƙewa. Wajen wanke ɗakin kuma, kada ka saita tiyo a cikin tagar.

Aikin aji: rubuta jimla ɗaya a kan amfanin jan ƙyalle, ka karanta wa na kusa da kai.