Yadda ake bin sawun fulutoniyam da sisiyam a makamashin MOX

Makamashin MOX haɗin okisaid ɗin yuraniyam ne da na fulutoniyam, ana matse shi ƙwaya-ƙwaya a jera cikin siririn bututun ƙarfe. A riyakta (tukunyar makamashin nukiliya) masu saurin nutiron, irin su Phénix ta Faransa da Joyo ta Japan, fulutoniyam kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, zafin tsakiyar ƙwaya ya haura digiri 2,000, gefenta kuwa wajen 1,000. Wannan bambanci cikin 'yan milimita kaɗan shi ke sa sinadarai ƙaura.

Duk aikin binciken makamashin da ya fito daga riyakta a ɗaki mai kaurin bango ake yin sa, da hannun inji. Kafin a yanka bututun, sai a bi tsawonsa da ma'aunin hasken gama. Sisiyam-137, wanda ke samuwa yayin da makamashin ke ƙonewa, yana bayyana a 662 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), kuma mai gudun zafi ne, yakan taru a ƙarshen bututu mai sanyi. Don haka ba a dogara da shi wajen sanin yadda makamashin ya ƙone. Niyodimiyam-148 ake aunawa, domin shi ba ya motsi. Daga nan a huda bututun a tara iskar zinon da kiribton.

Sai a ɗura masa ƙaron roba ya daskare kafin a yanka, in ba haka ba ƙwayar da ta riga ta tsattsage za ta zube. Wajen gogewa kada ruwa ya taɓa ta ko kaɗan. Gishirin sisiyam narkewa yake, a wanke abin da ake nema ba a sani ba.

A madubin ƙara girma za a ga rami a tsakiya, kewaye da dogayen lu'ulu'u masu fuskantarsa. Ƙananan ramukan da ke cikin ƙwayar ne suka yi tafiya zuwa wurin zafi, suka haɗu suka zama wannan rami. Yuraniyam ya fi saurin tururi, sai ya koma gefen sanyi, fulutoniyam ya yi yawa a bakin ramin. Fararen ɗigo-ɗigon kuwa ƙarafa ne: molibdinam, rutiniyam, faladiyam da 'yan uwansu.

A na'urar EPMA, mai gane kowane sinadari ta layukan hasken X da yake fitarwa, layin Mβ na fulutoniyam ake karantawa, saboda Mα ɗinsa yana haɗuwa da layin yuraniyam. Zinon kuma kan fito ƙasa da gaskiya, tunda wanda ke manyan kumfa ya tsere tun wajen gogewa.

Akwai kuskuren da za a iya yi da MOX ɗin riyakta masu sanyaya da ruwa, irin na masana'antar Melox da ke Marcoule. Tun daga masana'anta yake da dunƙulen fulutoniyam nan da can, saboda haka a kwatanta da ƙwayar da ba ta shiga riyakta ba kafin a ce ƙaura aka yi.